Wutsiyar Soso a Hanyar Kebbe

Tun da hoton dabbar nan mai huji biyu a ciki ya zagaya wayoyin Tambuwal, kusan kowane mako sai wata yarinya ta yi sallama a shagonmu ta ce tana son koyon sana'a. In na tambaye ta wace sana'a, sai ta ce wannan ta shafa fenti. A ganinsu aikin ke nan: a riƙe buroshi, a gyara ɗaurin ɗankwali, a tsaya kusa da raƙumin dawa a ɗauki hoto. Ni kuwa bayani da baki ya soma yi mini wuya. Shi ya sa na zauna na rubuta. Wadda ta zo, ta karanta tukuna.

Sunana Rashida. Dabbobi muke ƙerawa domin makarantun yara, irin waɗanda ake girkewa a rumfar taro ko gefen filin wasa. Mai shagon Baba Ummaru ne, ƙanen mahaifina, tsohon mai waldar ƙofofi da tagogi, wanda wata makaranta ta taɓa roƙo ya haɗa mata jimina, daga nan bai sake komawa kan ƙofa ba. Na shiga wurinsa bayan na gama sakandare, da niyyar in rage zaman gida kafin a kira ni makarantar gaba. Har yau ba a kira ni ba.

Shekarar farko ban taɓa buroshi ba sai in wankewa zan yi. Aikina dama sitaci ne a rabin duro, da yayyaga takardar buhun siminti, da yanka ragar waya irin ta kejin kaji har tafin hannuna ya koma kamar na mai faskare. Dabba daga ƙashi ake fara ta. Baba ya lanƙwasa rodi ya yi haƙarƙari da ƙashin baya, a lulluɓe da raga, a bi da takarda da sitaci, a bari ta bushe, a sake bi, a sake bari. Fenti shi ne na ƙarshe, kuma shi ne kaɗai abin da mai saye yake yabawa.

Giwar Sanyinna ce aikin farko da na sa hannu tun daga ƙashi har fata. Mun kai ta ranar Alhamis, makaranta ta tashi hutun ƙarshen mako, mai gadi ya tafi ɗaurin aure. Kafin yara su dawo, awakin unguwa sun cinye ƙafafunta na gaba har gwiwa, sun soma hanci. Shugaban makarantar ya kira Baba yana faɗa, wai an sayar masa da giwa marar ƙwari. Baba ya saurare shi har ya gama, sannan ya ce ai shi giwa anka ce ya yi, ba a ce ya koya mata faɗa ba. Daga ranar muke dafa ganyen dogon yaro a cikin sitaci, don ɗacin ya kori akuya da gara, kuma Baba ya riƙa matse haƙarƙari kusa da kusa yadda kan akuya ba zai shiga ba. Ku riƙe wannan na haƙarƙari, za mu dawo kansa.

Shekarar da ta fi muni kuwa ba ta awaki ba ce. Wani baƙon mai wa'azi ne ya ratsa garin, ya yi magana a kan mutum-mutumi, iyaye suka tsorata, masu makarantu suka fi su tsorata. Ba wanda ya ba mu sabon aiki. Wanda muka samu shi ne na cire kawunan abin da muka riga muka ƙera, don malaman gari sun ce siffar da ba ta da kai hukuncinta kamar na itace ne. Muka yi ta yawo a babur da zarto, Baba na yanka ina riƙewa. Akwai makarantar da har yau yaranta suke kiran raƙumin dawansu bishiyar gwanda. Da ƙura ta lafa, wasu malaman suka ce abin koyar da yara yana da sauƙi, wasu suka ce a dai yi hattara. Baba ba ya musu da malamai. Sai ya canja aikinsa: kowace dabba wuyanta da noti ake ɗaure shi, kai yana tafiya daban cikin buhu, in an isa gari mai makaranta ya tambayi limaminsu. In ya ce a ɗora, a ɗora. In ya ce a'a, kai ya zauna a ofis. Tun daga lokacin ba dabbar Baba da ta taɓa hawa hanya da kanta a wuya.

Aikin Kebbe ya zo ne a daminar bara, lokacin da idon Baba ya riga ya gaji da hasken walda, har ya kan laluba kafin ya sami filaya. Hajiya Luba, mai wata makarantar kuɗi a can, ta zo da malamin kimiyyarta, Malam Nasiru, ya nuna mana hoto a waya. Dainoso ne, irin manyan dabbobin nan da suka ƙare tun kafin a yi mutane, waɗanda ake haƙo ƙasusuwan danginsu har a hamadar Nijar. Wannan ɗin yana da ɗan ƙaramin kai kamar na ɗan maraƙi, da ƙaton jiki, da wasu fala-falan ƙashi jere a gadon baya kamar an kafa faya-fayai, da doguwar wutsiya mai ƙayoyi huɗu a ƙarshe. Hajiya na son sa kafin bikin yaye ɗalibai, don makarantar da ke gabanta ta sayi lilo.

Da suka tafi, Baba ya ce mini mai cajin waya na maƙwabta ya daɗe yana neman hayar shagon, shi kuma ya gaji.

"Wanga aiki naki na, Rashida. In ya tsaya da ƙafafunsa fuɗu ranar bikin, ki riƙe mabuɗi. In bai tsaya ba, in sai da injin waldan in huta, ke ko ki koma gida ki taya Innarki tankaɗe."

Ya ci gaba da shan shayinsa.

Rigimar farko a kan haƙora aka yi ta. Hajiya ta leƙo ta ga kan, ta tambaya ina fiƙoƙin. Na ce mata ganye yake ci, bakinsa kamar na kunkuru ne. Ta ce ita dodo ta yi oda, ba tunkiya ba, kuma da me zai kare kansa in wani ya zo cin sa, ko haƙuri zai ba shi? Malam Nasiru ya gyara tsayuwa, don ya sami abin da yake so. Ya ce a zamaninsa akwai masu cin nama da ke tafiya da ƙafa biyu, bakinsu cike da haƙora kamar wuƙaƙe, shi kuma wannan ba ya iya gudu, ba ya cizo, ƙwaƙwalwarsa ma ba ta taka kara ta karya ba. Abin da yake yi, in maci nama ya matso, sai ya juya masa baya. Ƙafafunsa na gaba gajeru ne, da su yake tunkuɗa jikinsa gefe ya jujjuya, wutsiya ta taho da ƙarfi, ƙayoyin nan masu tsawon kamu guda ko fiye su nutse a cinya ko a ciki. Fala-falan bayan kuwa, ya ce masana ba su gama yarda da juna ba: wasu na ganin don ya ƙara girma a idon abokin gaba ne, wasu na cewa ado ne ko maganin zafi. Ya ƙara da cewa wasu manyan masu cin ganyen ma dabararsu garke ce, ana jin sukan sa ƙanana a tsakiya, manya su fuskanci waje.

Hajiya ta ce to madalla, tunda ƙarfinsa a wutsiya yake, a yi ƙayoyin da rodi, a wasa su su yi tsini. Na ce mata yara ne za su hau, kuma yaro a kan abu mai tsini yake fara faɗuwa. Muka yi ta ja. Ta kai ƙara wurin Baba, Baba ya ce shi yanzu ɗan kallo ne. Na yanka tsohuwar katifar soso, na feƙe ƙayoyi huɗu, na naɗe su da yadi, na shafa fenti. Daga nesa sai ka rantse za su huda buhun gero. Hajiya ta matsa ɗaya da yatsa, ta yi tsaki, ta ce ta bar mini wannan, amma ita ma sai an bar mata ɗaya: dabbarta za ta shiga Kebbe ranar kasuwa, da kanta a wuya, da idanunta, kowa ya gani ya tambaya ta wace makaranta ce. Idanun kuwa da gilashin siginar babur na yi su, in rana ta haska sai su yi ja. Baba ya daɗe yana kallon notin wuyan, sannan ya ce mai kaya ta faɗi yadda take son kayanta.

Ga abin da ba ya fitowa a hoto. Dabba mai kai a wuya, in ta hau hanya mai gargada, nauyin kan yana girgiza walda har ta tsage. Dole wani ya shiga cikin ta 'yar ƙofar da muke bari a ƙasa, ya zauna a kan katako, ya rungume rodin wuya da hannu biyu tun daga tashi har sauka. Baba ba zai shiga ba, ba zai ma iya lanƙwasuwa ba. Direban keken ɗaukar kaya mai taya uku da muka ɗauka, wani mai surutu da ake kira Ɗan Jabo, ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi. Na tattare hijabina na shiga. Ciki zafi, ga warin fenti da ɗacin dogon yaro, abin da nake gani na duniya kuwa ɗan tsagin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ne. Wutsiya ta zarce bayan keken da nisa, tana lilo.

An yi ruwa da asuba, hanya ta yi laushi. Mun wuce ƙauyuka yara na bin mu da ihu, Ɗan Jabo na ɗaga musu hannu kamar shi ya haifi dabbar. Can inda burtalin shanu ya ratsa hanya, gero ya kai kafaɗa dama da hagu, muka tarar da garken shanu na tsallakawa. Na hango su ta tsagin. Na farko suka tsaya, suka ɗaga kai. Sai na ga abin da Malam Nasiru ya bayyana mana a shago yana faruwa a gabana: maruƙa suka shige tsakiya, manya suka juyo da ƙahoni waje. Na tuna na ce a raina, ashe da gaske ne. Ban lura da wuri ba cewa a wannan darasin mu ne maci naman. Wata uku ina gaya wa Hajiya dabbar nan ganye take ci, amma ba wanda ya gaya wa shanu.

Wata jar saniya mai dogayen ƙahoni, wadda daga baya na ji kwananta kaɗan da haihuwa, ta fito daga layi. Ba ta yi kuka ba, ba ta tona ƙasa ba. Ta dai sunkuyar da kai ta taho.

Ƙaho ɗaya ya shigo ta gefen gwiwata. Ɗayan ya shigo sama da shi, ya tsinke gefen hijabina ya manne shi da raga. Goshinta ya daki haƙarƙarin rodi, ya tsaya a nan, don Baba ya matse su saboda awakin Sanyinna. Ina jin hucinta a ƙafata. Takarda da busasshen sitaci na zubo mini a ka. An ce na yi salati, ni ban ji ba. Abin da na sani ban saki rodin wuyan ba, kuma ba jarumta ba ce, yatsun ne suka ƙi buɗewa.

Ta zare ƙahonin ta ja baya don ta sake zuwa. A nan ne Ɗan Jabo, da niyyar ya juya ya gudu, ya murɗe kan keken gaba ɗaya ya ba shi wuta. Tayoyin baya suka sulale a laka, keken ya jujjuya a wuri ɗaya, dabbata ta juya wa abokiyar gaba baya kamar yadda Malam Nasiru ya faɗa, wutsiya ta taho da iska ta zabga wa saniyar ƙayoyi huɗu a fuska. Na soso. Saniya ta tsaya cak, ta yi atishawa, ta girgiza kai. Ƙaya ɗaya ta tsinke ta maƙale mata a ƙaho. Shi kuwa Ɗan Jabo, da keken ya mutu, ya dira ya shige gero. Har gobe in kun same shi a tasha zai gaya muku da gangan ya yi, wai ya ji bayanin malamin kimiyya.

Na ji wata murya ta kira saniyar da suna, ta yi mata magana da Fulatanci a hankali, kamar ana lallashin amarya. Sai haske ya toshe a ɗaya daga cikin hujin, ido ya bayyana. Wani dattijon makiyayi ne, Baffa Siddi, mai garken. Ya yi sallama, na amsa.

"Mutum na ciki?"

"Ni ce, Baffa."

"Haɗiye ki ta yi, ko ke kika shiga da kanki?"

Na ce ni na shiga. Ya ce to Allah shi kyauta, in fito.

Da na rarrafo waje na ga abin da ya fi saniyar ba ni tsoro. 'Ya'yansa samari sun iso da sanduna, sun tsaya gefe guda ba mai murmushi. Manoman da ke noma kusa sun fito da fartanya a kafaɗa, sun tsaya ɗaya gefen. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san abin da idon saniya guda zai iya jawowa a bakin burtali da damina. Baffa Siddi ya kama kan saniyar, ya buɗe idon dama ya duba, ya buɗe na hagu, ya shafa hancinta. Ba jini, sai koren fenti. Ya zare ƙayar daga ƙahonta, ya jujjuya ta, ya matsa. Ta lotse, ta dawo. Ya sake matsawa, ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani. Wani daga cikin manoman ne ya fara dariya, sai samarin suka sauke sanduna.

Baffa Siddi ya tambaye ni wagga dabba mi taka ci. Na ce ciyawa da ganye. Ya ce to in gaya mata burtali na shanu ne, ta nemi nata. Ƙayar kuma ya ce ya riƙe, matarsa za ta wanke ƙwarya da ita. Sannan ya nuna idanun nan ja, ya ce garke na biyu na tafe a baya, in ina son in isa Kebbe in sauke mata kai. Na ciro sifana don in kwance notin, ta faɗi. Na ɗauka, ta sake faɗi. Ɗan Jabo da ya fito daga gero da kunnuwan ganye a wuya shi ya kwance notin. Haka dabbar Hajiya ta shiga Kebbe ranar kasuwa kamar kowace dabbar Baba: ba kai, kan yana cikin buhu a cinyata.

Hajiya ta ga huji biyu da ƙaya uku, ta ce a nemo takarda a liƙe kafin baƙi su gani. Ta tambayi lafiyata ma, bayan ta gama zagaya dabbar. Malam Nasiru kuwa murna ta kama shi. Ya ce kada a taɓa, ai ƙayoyin gaske da ake haƙowa akan sami wasu da karyayyen tsini, kuma an taɓa samun ƙashin maci nama da huji daidai kaurin ƙayar, ta haka ma aka tabbatar ba ado ba ce. Suna cikin wannan limamin unguwar ya iso, don na ce ba zan ɗaura kai ba sai an tambaye shi. Ya zagaya, ya sunkuya ya leƙa ta huji ɗaya ya hango hasken ɗayan. Ya ce siffar da aka huda wa ciki irin haka, da mai rai ce da ba ta rayu ba, saboda haka ba cikakkiyar siffa ba ce, a ɗora mata kanta. In an liƙe hujin kuma, sai a sake zama. Hajiya ta fasa aiken takarda.

Ranar biki dabbar ta tsaya da ƙafafunta huɗu. Yara suka yi layi suna zura hannu a hujin, iyaye na ɗaukar hoto, an ce makarantar lilo ba ta ji daɗi ba. Wani ɗan aji biyu ya ja mini hijabi ya tambaya wa ya ci faɗan. Na ce canjaras aka yi.

Da na koma Tambuwal na ba Baba labari tun daga burtali har liman. Ya saurara da ido a rufe. Tambaya ɗaya ya yi: waldar wuya ta tsage? Na ce ba ta tsage ba. Ya laluba aljihu ya ajiye mabuɗi a kan benci, da baƙin gilashin walda, ya ce daga yau in matse haƙarƙari fiye da yadda shi yake yi. Hijabin yana shago, da shi nake goge buroshi, Inna na zaton ƙusa ce ta kama shi.

To, ga sana'ar da kuke gani a waya. Ranar kasuwa ba na bin hanyar kara, inda ake sayar da shanu, ina zagayawa ta bayan asibiti ko da rana ta take. In mai fura ta sauke ƙwarya a ƙofar shago, sai na leƙa bayanta ko saniya na biye kafin in saya. Wadda ta karanta har nan kuma tana so, ta zo da tsofaffin kaya bayan la'asar, rabin duro na jiran ta.

In ta shigo za ta ga wani ƙashin rodi a kusurwa, an juya fuskarsa bango. Wata makaranta ce a Jabo ta ga aikin Kebbe ya burge ta, ta aiko a yi mata abin koyar da darasin noma. Saniya suke so, ja, mai dogayen ƙahoni, wai wani abu mai sanyin hali da ba zai tsorata yara ba. Na gama ƙafafu, na gama ciki, na yi mata tozo da wutsiya. Ƙahonin ma na feƙe su tun makon jiya, daga ragowar katifar nan. Wadda za ta ɗaura mata su nake nema.